Darasi na Tara: Fentin da Ba Ya Kama Datti

Ɗalibai, ku dubi bangayen gidajen Yola da Jimeta a lokacin hunturu. Iska takan kwaso ƙura daga hamadar Chadi ta lulluɓe su. Dole mai gida ya sake kiran mai fenti, ya sake kashe kuɗi.

Kun taɓa zuba ruwa a kan ganyen gwaza? Ba ya jiƙa ganyen, sai ya dunƙule ya gangara. Haka masana suke so bango ya zama. Saboda haka suka haɗa wani fenti na ƙananan ƙwayoyin roba a cikin ruwa, suka sa musu sinadarin fulorin. Idan fentin ya bushe, ƙwayoyin sukan manne da juna, fulorin kuma ya taso sama. Daga nan maiƙo da datti ba sa kama bangon sosai, ruwan damina ma yakan wanke ƙurar.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙa ba. Wasu sinadaran fulorin ba sa ruɓewa. Idan aka wanke burushin fenti a kwata, suna iya gangarawa Kogin Binuwai, inda masunta ke kama kifin da muke ci.