Ga Matashin Keffi Mai Jiran Aikin Abuja

Ƙanena, kusancin Keffi da Abuja alheri ne, amma yana ruɗar matasa da yawa. Mutum ya gama Jami'ar Jihar Nasarawa, ya yi hidimar ƙasa, sai ya zauna shekara biyu ko uku yana jiran wani babba ya sama masa aikin ofis. Zaman nan yana damuna ƙwarai, domin har abin da aka karanta zubewa yake yi.

Tun kana jira, zaɓi sana'a ɗaya: haɗa sola, walda, ɗinki, gyaran waya ko aikin famfo. Ɗaya tak. Nemi maigida nagari, ka jure aike da shara na watannin farko, kuma kowace yamma ka rubuta abin da ka koya. Gidajen da ake ginawa daga Masaka zuwa Mararaba suna buƙatar mai wayarin da mai sa tayil, kuma masu gidajen sun fi riƙe wanda yake zuwa ranar da ya ce zai zo.

Kada ka saki littafi. Garin nan ya daɗe da makaranta. A Kwalejin Gwamnati ta Keffi marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi sakandare, daga 1965 zuwa 1969. In kana bin motar asuba zuwa Abuja, cunkoson Nyanya ya ishe ka sauraron darasi a wayarka.

Kuɗin da ka fara samu, shiga adashi da wani kaso. Ranar kwasarka, sayi kayan aikinka na kanka.