Sare Kurmi a Duniya: Girman Ɓarnar da Bambancin Musabbabanta

1.0 Gabatarwa

Kurmi a Hausa shi ne daji mai duhuwa da dogayen itatuwa, wanda ruwa ya wadata. A wannan maƙala an yi amfani da kalmar da nufin manyan dazuzzukan yankuna masu zafi da yawan ruwan sama, wato na Amazon da Kwango da Kudu maso Gabashin Asiya da gaɓar Afirka ta Yamma. Manufar ita ce a nuna cewa kowane yanki da abin da ke cin kurminsa.

2.0 Girman Ɓarnar

Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙiyasta cewa an share hekta miliyan 420 na dazuzzuka tun daga 1990, mafi yawansu a yankuna masu zafi. Daga 2015 zuwa 2020 kuwa, ana share kimanin hekta miliyan 10 duk shekara.

3.0 Musabbabai

A Amazon, kiwon shanu ne kan gaba, sai noman waken suya. A Indonesiya da Malesiya, gonakin kwakwar manja ne suka maye gurbin kurmi. Lamarin Kwango daban ne, domin ƙananan manoma masu saran sabuwar gona da masu ƙona gawayi ne suka fi yawa, kuma neman abin sawa a baki ne ke kai su. A Kwaddibuwa da Gana, koko na daga cikin manyan abubuwan da suka ci kurmin. Wannan yanki ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin a da, daga kurmin Asante ne goron da fatake ke saye a kasuwar Salaga ta ƙasar Gwanja yake fitowa.

4.0 Kammalawa

Barazil ta nuna cewa ana iya taka wa ɓarnar birki. Ta hanyar sa ido da tauraron ɗan'adam da hukunta masu laifi, saran Amazon ya ragu daga fiye da murabba'in kilomita 27,000 a 2004 zuwa ƙasa da 5,000 a 2012. Sai dai dokar da ta tsorata attajiri mai garke ba za ta ciyar da manomin Kwango ba. Shi sai an samar masa da hanyar inganta tsohuwar gonarsa, an kuma wadata birane da makamashin girki a maimakon gawayi.