Kunne ga Weber, Ido ga Friedrich

In za ka saurari opera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa, ajiye zane ɗaya tak a gabanka. Biyu raba hankali suke yi. Fara da Der Freischütz na Weber, wanda aka fara nunawa a Balin a 1821. Da ka iso inda ake narka harsasan tsafi cikin kwazazzabo da tsakar dare, rage fitila, ka dubi zanen Caspar David Friedrich na mutum biyu masu kallon wata, ga bishiya ta karkata, saiwoyinta a waje. Weber da Friedrich dukansu a Dresden suka zauna, kuma duhun daji iri ɗaya ne a aikinsu. In operar Verdi za ka saurara kuwa, a ganina, zanen sumba na Hayez, na 1859, ya fi dacewa da ita.