Sinadarin Fosfaras da Lafiyar Ƙoda

Fosfaras sinadari ne da ke cikin nama, kifi, madara, wake da gyaɗa. Kimanin kashi 85 cikin 100 na wanda ke jikin mutum yana cikin ƙashi da haƙora. Rararsa kuwa, ƙoda ce ke tace ta, ta fita cikin fitsari.

Idan ƙoda ta raunana, sai ya taru a jini, ya jawo zarewar kalsiyam daga ƙashi. Ƙashi ya yi rauni, jiki ya kama ƙaiƙayi, jijiyoyin jini su yi tauri.

Saboda haka, mai ciwon ƙoda ya guji baƙin lemon kwalba da naman gwangwani, domin hanji na tsotse kusan dukkan fosfaras da ake ƙara musu. Maganin rage shi da likita ya rubuta, a sha shi tare da abinci.