Lamba 142,857

Malamai 'yan'uwana, ga wata lamba da nakan ba yara in sun gaji da lissafin sau: 142,857. Mara ce, ba cika ba. In an tara alƙalumanta 27 ke nan, saboda haka 9 tana raba ta ba saura. Haka ma 11, da 13, da 37.

To, a buga ta sau 2, a sami 285,714. Sau 3, 428,571. Har sau 6, alƙaluman nan shida ne ke ta zagayawa, ba baƙo. Yaron da ya ga 6 ko 9 cikin amsarsa ya san ya yi kure tun malam bai duba ba. Sau 7 fa? 999,999! Dalili kuwa, ita ce ke ta maimaituwa in an raba 1 gida 7.