Darasi: Sayen Makami Daban, Ƙera Shi Daban



Bayan darasin la'asar a nan Sandamu, wani ɗalibi ya ce min: "Malam, kullum muna jin an sayo jiragen yaƙi, to yanzu ƙasarmu ta yi ƙarfi ke nan?"

Tanadin ƙarfi dai umarni ne, yana nan a aya ta 60 cikin Suratul Anfal. Kuma mun san kuɗin da sakaci yake ci. A watan Fabrairun 1903 ganuwar Kano tana tsaye, ga dawakai ga jarumai, amma igwar Turawa ta fasa ƙofa a yini ɗaya. Wata mai bi masa Sakkwato ta faɗi. Ba tsoro ne ya kayar da su ba, makamin zamanin ne yake hannun wani.

To yau fa? Najeriya ta karɓi jiragen Super Tucano goma sha biyu daga Amurka a 2021. Sai dai cinikin ya sha jan ƙafa, har an taɓa dakatar da shi a 2017 bayan jirgin sojanmu ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann. Ka ga abin da nake nufi: mai sayarwa shi ke da ranar bayarwa, shi ke da sharaɗi, shi ke da kayan gyara. Ranar da ya yi fushi, jirginka ya zama ado.

Turkiyya ta ɗanɗani wannan. A 1975 Amurka ta hana ta makamai saboda rikicin tsibirin Kubrus. A shekarar nan suka kafa kamfanin Aselsan, suka zuba yaransu a karatun injiniya. Yau jirginsu marar matuƙi, Bayraktar TB2, har maƙwabtanmu Nijar sun saya.

Wurin da ke min ciwo shi ne, masana'antar makamanmu ta DICON da ke Kaduna an kafa ta tun 1964. Ta girmi Aselsan da shekara goma sha ɗaya fa! Wallahi ba ƙwaƙwalwa muka rasa ba.

Sannan ko an ƙera ko an saya, sai da ido mai tantancewa. Jirgi marar matuƙi ne ya faɗa wa masu Mauludi a Tudun Biri a Disambar 2023, mutum sama da tamanin suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Ɗalibin nan yana aji biyar na sakandare, ɓangaren kimiyya. Na tambaye shi makinsa a lissafi, sai ya sunkuyar da kai.