Filin ajiye motoci: a gyara ƙa'ida, a sa inuwa da mashigar ruwa a ciki

Duk mai aikin duba taswirar gini ya san cewa ɓangaren da aka fi yi wa riƙon sakainar kashi shi ne filin ajiye motoci. Mai gini yana kallonsa a matsayin asarar fili, mai zane ya cusa shi a ragowar gefen katanga, jami'in da zai sa hannu kuma ya ƙirga gurabe ya wuce. A ganina, a matsayina na mai sana'ar tsara birane, ƙa'idojin da muke aiki da su a kan wannan fili suna buƙatar gyara, kuma gyaran ba ƙarin gurabe ba ne kawai. Ƙa'idar da ta faɗi yawan motocin da gini zai ɗauka, ta yi shiru a kan bishiya da inda ruwan sama zai nutse, rabin ƙa'ida ce.

A fara da lissafi, domin shi ne ke nuna girman abin. Gurbin mota ɗaya yana cin kusan mita 2.5 a faɗi da mita 5 a tsawo. In aka haɗa da hanyar shiga da wurin juyawa, kowace mota tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30. Fulotin da muka saba da shi, ƙafa 50 da 100, bai wuce murabba'in mita 465 ba, wato mota 15 zuwa 18 sun cinye fuloti guda. To, a shafe wannan fuloti da kankare ko kwalta, a yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a yini ɗaya cikin watan Agusta: sama da lita 23,000 ke nan, fiye da jarka 900 mai lita 25, kuma kusan dukkansa lambatun titi zai nufa. Lambatun da aka gina tun unguwar tana gidajen ƙasa da tsakar gida mai shan ruwa ba zai iya da wannan ba. Da bazara kuma, a watannin Maris da Afrilu, wannan daɓe yana shan rana yini guda, ya riƙa mayar da zafin ga maƙwabta har dare. Mai filaza ya sami wurin kwastomominsa, unguwa ta gaji ambaliya da zafi.

Ba na musun cewa rashin wurin ajiye mota matsala ce. Wanda ya bi ta Kantin Kwari ko Sabon Gari a Kano ya ga yadda motoci da adaidaita sahu suke cin rabin titi, ya kuma ga wuraren biki da ake ginawa a tsakiyar unguwa ba tare da an tanadi inda baƙi za su tsaya ba. Amma maganin da ya fi saurin zuwa zuciya, wato a tilasta wa kowane gini gurabe masu yawa, wasu sun gwada shi shekaru da dama kuma suna janyewa. Biranen Amurka sun yi haka tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har Donald Shoup, malami a jami'ar Kaliforniya da ke Los Anjeles, ya fitar da littafi a 2005 yana nuna yadda tilascin ke ƙara kuɗin gini da haya, yana kuma nisanta gine-gine da juna. Birnin Buffalo ya soke wannan tilas a 2017, Minneapolis ta bi baya a 2021. Can ma ke nan, inda kusan kowane gida yake da mota. Mu da yawancin masu zuwa kasuwa a ƙafa suke zuwa, ko a babur ko adaidaita, kwafo adadinsu zai sa talaka ya biya kuɗin gurbin da ba zai taɓa amfani da shi ba, ta hanyar tsadar shago da tsadar kaya.

Abin da ya dace shi ne adadi ya bi yanayin wuri. Asibiti da wurin biki da babban kanti a bakin gari su tanadi gurabe sosai; shagunan cikin tsohon birni a sassauta musu, a maimakon haka a wajabta wurin sauke kaya da wurin tsayawar adaidaita da babura. A kuma halatta tarayya a rubuce: bankin da ke rufewa da la'asar da wurin bikin da ke cika da daddare suna iya amfani da fili ɗaya.

Sai batun bishiya, wanda shi ne ya fi damuna. Birnin Sacramento na Amurka ya kafa doka tun 1983 cewa bishiyoyin sabon filin ajiye motoci su lulluɓe rabinsa da inuwa cikin shekara 15. Kyawun wannan doka shi ne ta auna inuwa, abin da ake buƙata, don kada mai gini ya jera tukwanen fulawa ya ce ya cika sharaɗi. Masu gini sukan ce saiwa tana fasa daɓe, ruwan bayi kuma yana da tsada. Saiwa tana fasa daɓe ne idan an matse bishiya a ɗan rami kamar bakin tukunya. In aka bar mata tsiri mai faɗi na ƙasa, za ta nutsa. In kuma aka yi wannan tsiri ƙasa da daɓen kaɗan, aka karkata filin zuwa gare shi, ruwan da zai je titi shi zai shayar da ita. Darbejiya da maɗaci da tsamiya sun saba da raninmu, bayin shekarun farko kawai suke nema. Gurbi ɗaya ko biyu da za a rasa ba su kai darajar inuwar da kwastoma zai nema da tsakar rana ba.

Wasu za su ce dokokin da ake da su ma ba a bin su, balle sababbi. Akwai gaskiya a nan, domin sau da yawa gurbin da aka zana a taswira shago yake zama bayan an karɓi izini. Dokar tsara birane ta 1992 ta riga ta wajabta neman izini kafin gini, hukumomi irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna kuma suna da hurumin. Abin da ya rage shi ne a ɗaure takardar shaidar kammala gini da ganin ido: gurabe suna nan, bishiyoyi an dasa, ruwa yana da mashiga, sannan a dawo a duba bayan shekara biyu.

Ina kira ga hukumomin tsara birane da majalisun jihohi su buɗe wannan babi na ƙa'idojin gini su sabunta shi, su gayyaci 'yan kasuwa da masu unguwanni. Kai kuma da ake shirin gina filaza kusa da gidanka, ka tambayi mai ginin tun kafin a zuba kankare: ina ruwan filinsa zai bi?